Man Shanun Da Aka Binne Wa Ɗan Dunla

Jama'ata na kan waya, masu danna min alamar so da masu leƙe a ɓoye kamar ɓera a rumbu, barkanku da warhaka. Har da kai da ka ce jiya duk labaraina shaci-faɗi ne, ga ka nan dai ka dawo, nemi wuri ka zauna. Yau na zo muku da wanda ni kaina sai da ya sa na yi wa tuwo da man shanu yaji. In kina goyo, gyara majanyinki ki riƙe ɗanki da kyau. Mu je zuwa.

Akwai wani gaye, Tanimu, ɗan Zariya, irin masu bakin nan da in suka fara zuba sai ka manta abin da ka fito saye. Karatunsa na tonon kufai ne, wato mutanen nan masu zuwa inda 'yan da suka zauna su yi ta kankare ƙasa da ɗan cokali da buroshi, in sun tsinci fasasshen kasko su hau murna kamar an ba su kujerar Makka. Karatun nan ne ya kai shi Ireland, wani tsibiri can bayan Ingila, inda ruwan sama bai san damina ba bai san rani ba, kullum yana bakin aiki. Ya tafi da matarsa Balaraba, wadda yake ce wa Raba, a can kuma ta haifi 'yarsu ta fari, Sajida.

To ku dubi jego a irin wannan wuri. Ba uwa, ba gwaggo, ba mai dafa ruwan wanka, ba kunun kanwa. Raba ta rame ta yi zuru-zuru, kullum tana bakin taga tana kallon ruwa na zuba. Maganarta ɗaya ce: "Abban Sajida, ka mai da ni gida."

Shi kuwa a lokacin suna tono a wata fadama mai baƙar laka. Mutanen ƙasar na da suna da wata ɗabi'a, su rarake kututturen icce kamar turmi, su danƙare shi da man shanu, su rufe su binne a irin wannan fadama. Lakar tana da sanyi, ba ta barin abu ya ruɓe da wuri. Masana har yau suna musu, wasu su ce firjinsu ke nan, wasu su ce ɓoyo ne don mahara, wasu su ce kyauta ce ga waɗanda ido ba ya gani. Ranar nan sai ga su Tanimu sun ci karo da irin wannan turmi, murfinsa daram, an naɗe shi da fata. Da aka ɗaga murfin sai ga mai fari fat, ya daskare, yana wani wari kamar ƙwaryar Bafillatana da ta kwana biyu ba a wanke ba.

Shugabarsu, wata tsohuwa Farfesa Orla, ta ce, "Wannan ya yi shekara dubu a ƙasa. A auna, a ɗauki hoto, a naɗe. Kada wanda ya sa masa hannu."

Wa aka ba naɗewa? Gogan naku. Ya waiga dama, ya waiga hagu, ya sa cokalin tononsa ya gutsuro kamar girman ƙwai, ya cusa a leda, sai aljihu.

Da ya koma gida ya tarar Raba ta tuƙa tuwo da 'yar sauran kukar da suka zo da ita. Ya narka abinsa ya kwarara a kai. Ta shinshina, ta zaro ido.

"Abban Sajida, ina ka samo wannan? Wallahi kamar na Fulanin bakin kasuwarmu!"

"Ke dai ci. Mijinki ƙaramin mutum ne a garin nan?"

Ta ci, ya ci, har da suɗe kwano. Ranar ta yi dariyar da rabon da ya ji irinta tun a filin jirgi. Ku riƙe dariyar nan da kyau, don daga nan babu wata.

Da gari ya waye Raba ta ɗauki Sajida za ta ba ta nono, babu. Ko ɗigo. Ƙirjin da jiya yake cike ya bushe kamar an yashe rijiya. Tanimu ya ruga kanti ya sayo madarar jarirai, aka dama aka zuba a fida. Ana kai wa yarinya baki sai madarar ta koma ruwa garau mai ɗanɗanon laka, ta tofar tana tsala ihu. Suka canza gwangwani, haka. Suka kwasa sai asibiti. Likitoci suka yi aune-aunensu suka ce ba su ga ciwo ba, suka sa mata ƙarin ruwa, ruwan yana shiga amma yarinya sai ƙanƙancewa take, maɗigarta ta faɗa, kukan ma ya koma kamar na kyanwa a bayan ƙofa.

Tanimu ya koma gida ɗebo kaya, sai ya ga mace zaune a dokin ƙofarsa. Doguwa ce, jan gashinta ya cukurkuɗe da laka, ta yafa wani bargon ulu mai ruwan ɗorawa da aka soke da allurar tagulla a kafaɗa. Ƙafarta ba takalmi. Maƙwabta suna wucewa ta gefenta ba wanda ya ko kalle ta.

Ya ce, "Baiwar Allah, lafiya? Ko yunwa ce? Bari in kawo miki burodi."

Ta ɗago. Maganarta ta faɗo masa a kunne da Hausa tsantsa, kun san mutanen ɓoye ba sa neman tafinta.

"Kada ka kawo mini komai, baƙo. Yunwar nan tawa makami ce. Ni ce Dunla 'yar masu shanun bakin fadama, na zauna maka a ƙofa bisa dokar ƙasarmu. Wanda aka zalunta, in ba shi da ƙarfin mashi, yakan zauna a ƙofar azzalumi ya ƙi ci, duk duniya ta shaida. Muddin ina zaune, farin abu ba zai shiga bakin 'yarka ba."

Tanimu ya ce, "Inna, me na yi miki? Ni ko saninki ban yi ba."

"A shekarar da annoba ta kashe shanunmu, yara suka riƙa mutuwa a bayan uwayensu, na kai ɗana riƙo wurin mutanen ƙarƙashin tudu, aljanun ƙasarmu. Man ƙarshe na saniyata ta ƙarshe na binne a matsayin jingina. Muddin ba a ci daga turmin ba, ɗana yana raye a wurinsu, ni ma aka bar ni ina yi musu tatsa don in riƙa ganinsa. Jiya yana wasa a gabana, ya juyo zai kira ni, sai ya zube ya zama toka."

Tanimu ya durƙusa a gabanta. Da ƙyar ya ce, "Wallahi ban sani ba. Ki dubi Allah, jaririya ce, ba ta ci komai ba."

"Ta sha daga wadda ta ci. In kana da magana, kai ta gaban alƙalinmu. Bi ramin da ke cikin tsohuwar ganuwar da ke bayan fadama. Ka yi sauri, numfashin 'yarka ba shi da yawa."

Bai ko koma asibiti ba. Ya suri gorar ruwansa ta aiki ya ɗau hanya. Tsohuwar ganuwar ya san ta, zagayen tudun ƙasa ne inda wani mai shanu ya taɓa kafa gidansa a zamanin da, a tsakiyarta kuma akwai bakin rami da aka jera wa duwatsu. Ya durƙusa ya shiga da rarrafe. Rami ya yi ta matsewa, tun yana tafiya da gwiwa har ya koma jan ciki kamar ƙadangare, dutse na kankare masa baya. A wani lungu ya maƙale, gaba ta ƙi baya ta ƙi, sai da ya fitar da duk iskar cikinsa ya bar fatar kafaɗa a jikin dutse kafin ya wuce. Yana fitowa ya ga wata duniya.

Fadama ce iya ganin ido, sama ruwan toka, ba tsuntsu ba iska. Hanya ɗaya ce tak, ta katakan icce da aka shimfiɗa a kan laka, tana tafiya har ta ɓace a hazo. Ya taka. Bai yi nisa ba lakar gefen hanya ta buɗe, wani mutum ya taso zuwa ƙugu. Fatarsa ta koma baƙa tana ƙyalli kamar jakar Dukawa, gashinsa ja, a wuyansa igiya, farcensa kuwa a gyare tsaf irin na wanda bai taɓa riƙe fartanya ba.

"Tsaya, mai numfashi. Ni sarki ne a da. A zamanina shanu suka ƙafe, hatsi ya ƙi, mutanena suka ce laifin sarki ne, suka kawo ni nan suka danne da sanduna. Yanzu ni ke gadin hanya. Katakon nan ba ya ɗaukar maƙaryaci. Faɗa mini, don me ka ɗebi man?"

Tanimu ya gyara murya, kun san hali zanen dutse. "Ranka ya daɗe, don bincike ne na ilimi, akwai wani gwaji da..."

Ƙaras! Katako ya nutse, laka ta kama shi zuwa gwiwa, sanyinta kamar ana soka masa allurai.

"Don matata! Jego take, tana kwaɗayin man gida, tausayinta na ji!"

Laka ta haura zuwa ƙirji. Sarkin ya zuba masa ramukan idanunsa. Tanimu ya ji lakar ta taɓa haɓarsa, ya fashe da kuka.

"Don ta daina cewa in mai da ita gida! Na yi mata alkawarin daɗi na kawo ta cikin sanyi da kaɗaici, ba ni da abin ba ta. So nake ta kalle ni ta ce na iya. Don kaina na yi!"

Katakon ya taso da shi a hankali, laka na zuba daga jikinsa. Sarkin ya ce, "Wuce. Amma kada ka sa rai. Ni ma gaskiya na faɗa musu ranar da suka ɗaure ni." Ya koma cikin laka, ta rufe.

Hanya ta ƙare a bakin wani tafki. Ga wani ɗan jirgi kamar ƙwarya, an saƙa shi da tsumagu an lulluɓe da fatar sa, ba matuƙi. Yana shiga jirgin ya kama juyawa da shi kamar katantanwa, ya yanki ruwa. A ƙarƙashin ruwan yana hango fuskokin yara birjik, idanunsu a buɗe, suna bin jirgin da kallo, waɗanda yunwar wancan zamani ta kwashe ba a samu kai su riƙo ba. Ya runtse ido yana ta salati har jirgi ya daki ƙasa.

Tsibiri ne da aka gina da hannu a tsakiyar tafki, an kewaye shi da shingen itatuwa masu tsini. A ciki ga fararen shanu masu jajayen kunnuwa, hantsarsu na tsiyayar da nono a ƙasa ba mai tara. A bakin babban ɗaki an jera akusa a rufe, ya zo wucewa sai ƙamshin humrar Raba ya doki hancinsa daga ɗaya. Ya tsaya cak. Nonon matarsa ne, cike fal, da ɗuminsa. Ya kai hannu, wani mai gadi mai tsawon rimi ya gitta masa mashi.

"Abin da aka kama a shari'a ba a taɓa shi, sai alƙali ya sake."

Aka shigar da shi. Ɗaki ne zagayayye, wuta na ci a tsakiya ba hayaƙi, mutanen tudu sun zauna sahu-sahu, kyawawa har kyan ya yi yawa ya koma abin tsoro, ba mai ƙifta ido. Alƙalin tsoho ne, gemunsa ya sauka har cinya, a wuyansa wani ƙaton zoben zinariya. Dunla kuma tana tsugune a gefe, ta riga shi zuwa.

Alƙali ya ce, "Wane ne kai, ɗan wane, kuma wa ya tsaya maka?"

"Allah ya gafarta malam, sunana Tanimu, daga Zariya. Ba ni da kowa a nan."

"Wanda ya ƙetaro teku ba dangi ba mai tsaya masa, a dokarmu sunansa kare mai ruwan toka. Ba shi da daraja da za a auna. Duk da haka za mu ji ka. Mu ba ma kashe mai kisa in zai iya biya. Diyyar ɗa shanu ce masu tatsa. Garkenka nawa?"

"Allah ya gafarta malam, ko akuya ba ni da ita. Keken da nake hawa ma aro ne."

Ba wanda ya yi dariya. Ku ma kada ku yi.

Tanimu ya zube ya ce, "Ba ni kaɗai na tono ba, mu da yawa ne!"

"Su sun tono, sun auna, sun rufe. Kai ka ci."

"To a ɗauki raina. Ga ni. A sakar wa yarinya nononta."

Dunla ta ce, "Me zan yi da ranka? Zan goya shi ne? Bayana ne ya zama wayam. A ba ni 'yarsa riƙo, ta sha nonon fararen shanu ta rayu, in ta cika shekara goma sha huɗu, yadda ake sallamar 'ya mace, in mayar."

Tanimu ya yi kururuwa har wutar ta kwanta. "A'a! Allah ya gafarta malam, babu wata hanya? Ko wace iri ce!"

Alƙali ya shafa gemu. "Akwai guda, ita ce gatan marar gata. Yadda ta zauna maka da yunwa, kai ma kana iya zama mata. Ku fuskanci juna a ƙofar ɗakin nan. In ka cika wa'adin yunwar shari'a ba ka sa komai a baki ba, dole ta janye, a saki nonon. Sharaɗin wa'adin kuwa..."

Nan fa gogan ya ji an zo unguwarsu. Ya miƙe zumbur ya katse tsoho.

"Azumi? Allah ya gafarta malam, ai ka gama magana! Ni da na fara tun ban yi kaciya ba? Mu da muke yin wata guda cur a zafin bazara, kwalta na narkewa? Ba sai ka faɗa min sharaɗi ba, na san shi tun ina tsumma. A shimfiɗa mana!"

Alƙali ya dube shi. "Ka ce ka sani. Jama'a sun shaida."

Suka zauna a ƙofa, shi nan, Dunla can, rana tana fitowa daga bayan tafki. Jama'a, ranar ƙasar nan ba irin tamu ba ce. Tafiya take kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa. Tanimu ya ji kamar ya yi mako a zaune, ita ko hantsi ba ta kai ba. Leɓɓansa suka tsage, harshe ya koma kamar soso. Aka fara wucewa ta gabansa da naman alade gasasshe, ya ce a ransa wannan ai sauƙi ma kuka yi min. Kamar sun ji shi. Sai ga ƙamshin tsire na tashi, irin na bakin tasha mai ƙuli da albasa. Ya kau da kai. Sai ga muryar mahaifiyarsa da ta rasu, a daidai kunnensa: "Tanimu, ɗan albarka, karɓi kunun nan ka sha, ka ga yadda ka koma?" Har ɗumin kofin yana ji a tafin hannunsa. Ya cije leɓe har jini, ya tofar don kada ya haɗiye.

Rana ta take tsaka ta tsaya kamar an kafe ta da ƙusa. Ya fara ganin biyu-biyu. Duk sanda zai faɗi sai ya tuno maɗigar Sajida da ta lotsa, ya sake miƙewa. Dunla kuwa ko motsi, idonta na kan wani ɗan dokin icce da ke hannunta, abin wasan ɗanta. Sau ɗaya ta yi magana.

"'Yarka tana dariya tukuna?"

"Ta fara," in ji shi da ƙyar.

"Nawa haƙoransa biyu na sama sun fita. Yana jiran sababbi."



A ƙarshe dai rana ta gangara, ta yi ja, ta taɓa ruwan tafki. Tanimu ya zuba mata ido kamar yadda ya saba tun yana yaro a kan katangar gidansu, yana jiran ladan. Gefenta na ƙarshe ya nutse. Hawaye suka zubo masa, ya ɗaga hannu ya ce, "Alhamdu lillahi! Sajida, kin sha!" Ya warware gorarsa, ya yi bisimilla, ya kafa kai ya kwankwaɗa.

Ruwan bai gama sauka a cikinsa ba ya lura wurin ya yi tsit. Mutanen tudu duk sun miƙe tsaye. Dunla ta rufe fuska da bargonta.

Alƙali ya fito ya tsaya a kansa. "Baƙo, me ka yi?"

"Na sha ruwa, Allah ya gafarta malam. Rana ta faɗi. Na cika."

"A ƙasar nan da rana kowa yana bayan shanunsa, wanda bai ci ba bai yi abin faɗa ba. Abincin mutum na maraice ne, in an dawo an hura wuta. Yunwar shari'a tana farawa daga faɗuwar rana, ta ƙare da fitowarta. Zaman da ka yi duk jira ne. Wa'adin ya fara, ka karya shi a numfashin farko."

Tanimu ya saki gora. Ya kama ƙafar tsohon. "Ban sani ba! A wurinmu ba haka ba ne! A sake, don girman Allah a sake, zan yi kwana nawa kuka ce!"

"Na buɗe baki in faɗa maka, ka ce ka sani. Ba a zama sau biyu a kan magana ɗaya. Ga hukunci. Nono ya zama na Dunla. Ba za mu ƙwace 'yarka ba, riƙo ba a yinsa da ƙarfi, sai uwa ta miƙa da hannunta. In kun ba da ita, za ta rayu a nan ta dawo muku budurwa, ba ta san harshenku ba, ba ta san alƙiblarku ba. In kun hana, taku ce, ku riƙe ta har abin da zai faru ya faru. Tafi."

Ya ƙifta ido ya gan shi a barandar asibiti, laka ta bushe a jikinsa, hantsi ya dubi ludayi. Ma'aikata duk sun sandare a inda suke kamar hoto. Ya tura ƙofa. Raba na zaune ta tasa gadon a gaba, idanunta sun kumbura. Sajida ta koma kamar ɗan tsako, ƙirjinta na ɗagawa sama-sama, kukan ma babu.

"Abban Sajida, ina ka shiga? Ka samo wani abu?"

Ya durƙusa a gabanta ya faɗa mata komai, tun daga cokalin har gorar. Ya jira ta mare shi, ya jira ta tsine masa. Ba ta yi ko ɗaya ba, kuma wannan ya fi masa ciwo. Ta kalli bayansa kawai, inda Dunla take tsaye a bakin ƙofa.

Raba ta ce, "Ke ce?"

"Ni ce."

"In na ba ki, za ta sha yanzu? Yanzu-yanzu?"

"Kafin in fita daga gidan nan."

Tanimu ya ce, "Raba, tsaya mu yi tunani, wataƙila likitocin nan..."

"Yi min shiru, Tanimu."

Tunda aka ɗaura musu aure ba ta taɓa kama sunansa ba. 

Ta zare allurar hannun yarinya a hankali, ta ɗauke ta, ta daɗe tana shinshinar wuyanta. Ta yi mata addu'a a kunnen dama ta tofa. Dunla ta miƙo hannu biyu za ta karɓa, Raba ta girgiza kai.

"Ba haka ake ɗaukarta ba, ba ta saba ba. Juya. Sunkuya."

Matar shekara dubu ta juya ta sunkuya. Raba ta kwantar mata da Sajida a gadon baya, ta kwance zanin da ke kanta ta lulluɓa, ta zagayo ta ɗaure mata a ƙirji, ta sa majanyi ta tamke.

"Kanta ta hagu take so. In ta yi rigima ki ɗan jijjiga, kada ki yi da ƙarfi. Ba ta son ruwan sanyi. Sunanta Sajida, kada ki canza mata. Kin ji ni? Ki riƙa faɗa mata."

Dunla ta gwada sunan a bakinta har sau biyu, hawaye na bin lakar fuskarta. "Na ji, 'yar'uwa."

Ta juya ta kama baranda. Ba ta kai ƙarshe ba suka ji Sajida ta callara kuka, kuka mai ƙarfi irin na yaron da ya samu rai, sannan kukan ya tsaya, sai ƙarar tsotso, cap, cap, cap, tana nisa tana nisa har ta ɓace. Ma'aikata suka farfaɗo suka ci gaba da harkarsu, wata nas ta leƙo ta ga gado wayam ta gyara zanin ta wuce, kamar ba a taɓa kwantar da kowa a kai ba.

Raba na tsaye a tsakar ɗaki sai ta ji ƙirjinta ya yi nauyi. Ta duba. An biya diyya, an saki abin da aka kama, nono ya dawo, ya cika, yana zuba ta cikin riga har yana ɗiga a tayil. Ta sa hannu biyu ta tallafe, tana kallon ƙofa. Tanimu ya miƙo mata tawul, ba ta karɓa ba.

To jama'a, yau ba ni da abin tsokana. Iyaye mata nake tambaya, har da ku mazan da kuke cika baki a sashen sharhi: da ku ne a ɗakin nan, za ku ɗaura wa baƙuwa 'yarku a baya ta tafi ta rayu inda ba sallah ba salati, ko za ku rungume abarku ta cika a hannunku? Kowa ya faɗi gaskiyarsa, ban da wa'azin da kai kanka ba za ka iya ba.